Yashi Tifa Biyu

Takwara,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da 'yar ficiciyar nan mai haƙora biyu da har yau a hoto kawai na san ta. Mu nan kalau. Gwiwa tana nan da halinta, kunne kuma ya ƙara nisa, don haka ki daina kira na a waya ina ta "iye, iye" unguwa tana saurare. Ki rubuto. Direban nan mai farar mota yana zuwa garinku duk mako, shi zai riƙa kai mana. Ɗana, yayanki Dogo, ya ce in gaya miki hular da kika aiko masa bara har yanzu bai sa ba, wai ta fi ƙarfin ranakun banza.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin san shagon marigayi da ke jikin gida, inda ya yi shekara ashirin da shida yana gyaran batirin mota, da filin bayansa. Tun rasuwarsa ɓeraye suka gaje shi. Ni kuma na gaji da zaman kashe zani. Macen da ta yi shekara talatin da biyar da alli a hannu ba ta iya zama tana ƙirga ƙudaje. Zan buɗe gidan renon yara a wurin. Dogo ya shafe bangon da fenti ruwan ɗorawa, na sayi 'yan kujeru ashirin, iyaye goma sha huɗu sun rubuta sunayen 'ya'yansu.

Da na je neman lasisi, wata yarinya a teburin ofishin, wadda a haife na haifi uwarta, ta ce sai an auna ƙasar filin tukuna, wai tsohon shagon batir ne, mai yiwuwa akwai guba. A filin da na reni ɗana, na rene ki shekara huɗu, kika ci gwaibarsa har cikinki ya yi ƙara. Mijina da guminsa ya ci abinci, bai taɓa cutar ko kaza ba, yau yana kabari za a ce ya bar guba.

Tunda ke ma aikin gwaje-gwajen kike, ki rubuto musu takarda mai hatimi, ki ce kin san wurin, lafiyarsa lau. Kada ki ɓata mini lokaci.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Na durƙusa na gaishe ki. Muna lafiya, haƙoran sun zama huɗu, jiya ma ta gwada su a hannun babanta. Ki shafa man da na ba direba a gwiwar safe da yamma. Ki ce wa Yaya Dogo ya sa hular nan, wata tana tafe.

Na yi murna da gidan renon, wallahi, don na san zaman banza ba ya karɓar ki. Amma takardar da kika ce, ba zan rubuta ba. Ki yi haƙuri. Ruwan sha nake aunawa, hatimina ba ya aiki a garinku, kuma ko yana yi ba zan sa hannu a kan ƙasar da ban auna ba.

Ba wanda ya ce Baba ya cuci kowa. A zamaninsu haka kowa yake yi. Ina tuna shi yana fasa tsohon batir da guduma, ya zubar da ruwan a bayan shago, ya narka dalmar a kaskon nan mai mariƙin katako. To dalma ba ta ruɓewa, Gwaggo. Ba ta wari, ba ta tashi, sai ta zama ƙura ta kwanta a ƙasa ta jira. Babba ba ya cin ƙasa. Yaro ɗan shekara biyu kuwa, duk abin da hannunsa ya taɓa bakinsa ne zai gaya masa mene ne. In ta shiga jikinsa takan kawo ciwon ciki da ƙarancin jini, wani lokaci kuma ta taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya kasa riƙe karatu, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne alhali ba laifinsa ba ne.

Ki bari su zo su auna. In ƙasar lafiya take, kin sami takardar rufe bakin kowa. In ba lafiya ba, gara mu ji daga bakin kwalba da mu ji daga bakin likita.

'Yarki, Takwara

*

Takwara,

Gaisuwa. Muna raye.

Na karanta takardarki sau uku. Wanda ake duka ana cewa daƙiƙi, da wa kike? Ki fito fili mana. Yaro ɗaya ne a gidan nan da ya kasa karatu, kuma mace ɗaya ce ta dake shi, duk dangi sun sani. Na koyar da 'ya'yan mutane sun zama likitoci da alƙalai, nawa ya maimaita aji uku har sau uku na cire shi. Shekarunsa arba'in da uku yau, bai iya karanta sunansa a jikin katin asibiti ba. Wannan gyambon nawa ne, ni da Ubangijina. Ban taɓa zaton ke, da na goya a bayana, aka ba ki sunana, za ki sa yatsa a ciki don kin sa farar riga ba.

Dogo haka Allah ya yi shi. Ubansa bai shayar da shi guba ba, ni ma ban tsaya ina kallo aka shayar da shi ba.

Ki riƙe hatiminki. Masu awon za su zo ranar Talata ta sama. Su zo da duk ƙarafunansu. Ba a taɓa shiga gidana aka ga ƙazanta ba, kuma ba a kansu za a fara ba.

Man gwiwar na karɓa, ban buɗe ba.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ko da ba za ki amsa ba. Muna lafiya, sai zuciyata da ba ta zauna ba tun da direba ya miƙo mini takardarki.

Allah ne shaidata, ban tuna da Yaya Dogo ba lokacin da na rubuta layin nan. Abin da muke gaya wa iyaye ne a wurin aiki, hannuna ya saba da shi. Sai da na karanta amsarki na zauna a bakin gado na rasa inda zan sa kaina. Ki yafe mini zafin. Amma ba zan ce miki ƙarya na rubuta ba.

Yanzu ga abin da ya fi gaggawa, don na san halinki in za ki yi baƙi. Kada ki taɓa filin nan. Kada a share, kada a kankare, kada a zuba komai a kai. Su same shi yadda yake, da tabonsa da komai. Kuma ki zauna da su ki gaya musu inda ake zubar da ruwan batir, da inda kaskon yake zama, da inda ake tara fasassun. Na'urarsu ba ta san tarihin gidan ba, ke kika sani.

Ki buɗe man nan, gwiwar ba ta yi miki laifi ba.

'Yarki, Takwara

*

Takwara,

Ina gaishe ki da mutanen gidanki. Lafiyarmu lau, har ma ta fi ta da. Na buɗe man, yana da ɗan amfani.

Motar direba ta lalace a hanya, ya yi kwana goma sha biyu wurin makaniki, don haka takardarki ta same ni bayan masu awo sun zo sun tafi da kwana tara. Na ƙi amsawa sai sakamako ya fito. Jiya ya fito. Ƙasata lafiya lau, an buga hatimi biyu. Na sa a firam na rataye a inda marigayi yake rataye agogonsa. Ina fata kin ji.

Tunda ba na ɓoye-ɓoye, ga yadda aka yi. Kin san filin nan yana da wasu tabo masu launin toka inda ciyawa ba ta taɓa fitowa. Ni ko mai karanta mita ne zai zo sai na share ƙofar gida, balle ma'aikata uku da mota. Sai na sa aka kawo yashi tifa biyu. Dogo ya yi kwana uku da baro yana bazawa, ya yayyafa ruwa, ya daddaɓe, filin ya fito fes kamar tsakar gidan amarya. Kaurinsa ya kai kamu guda.

Shugabarsu mace ce, Injiniya suke ce mata, da takalman roba har gwiwa. Ta ja igiyar awo, ta kafa 'yan tutoci guda tara, suka riƙa ɗiba da ƙaramin cokalin ƙarfe suna zubawa a kwalabe suna rubuta lamba. Ba su nutsa fiye da tsawon yatsa ba, ta ce nan ne hannun yara yake kaiwa. Na kawo musu ruwan sanyi, suka ce sai sun cire safar hannu. Tana da ladabi, ba laifi. Ta dube ni ta ce, "Mama, wannan yashin ya daɗe a nan?" Na ce mata, "Gidana kullum a share yake." Ta rubuta.

Kada ki fara. Ban yi ƙarya ba, kuma takardarki ba ta zo ba lokacin. Wanda ya gyara gidansa don baƙi bai yi laifi ba a kowace shari'a. In ma akwai wani abu a ƙasa, to yanzu yana ƙarƙashin yashi, ya zauna can.

Za mu buɗe farkon wata. Dogo zai kafa musu lilo. Ki zo da 'yar, ita ce za ta fara hawa.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Muna lafiya. Na ji daɗi man ya yi aiki.

Yashin mai tifa aka auna, ba ƙasar Baba ba. Kin sani, na sani. Ba tambayar shara Injiniya ta yi miki ba, ke ma da ɗalibi ya ba ki irin wannan amsa a aji da ya sha jan biro.

Kin ce ya zauna can. Gwaggo, ke da kika yi shekara talatin da biyar da yara, yaushe kika ga yaro ya ga yashi bai tona ba? Damina ɗaya za ta kwashe rabinsa ta kai kwata. Sauran kuma yara goma sha huɗu za su gama da shi da murfin kwalba da cokali kafin shekara ta zagayo.

'Yata ba za ta hau lilon nan ba. Kuma ba zan iya hana tawa in yi shiru a kan na mutane ba. Ba na so in tsallake ki, na fi so ki je da ƙafarki ki gaya wa Injiniya. Amma in ranar buɗewa ta zo ba ki je ba, zan rubuta mata da sunana, in aiko miki da kwafi don kada ki ji a bakin wani. Na san abin da dangi za su ce. Su ce. Ke kika koya mini cewa ba a ba yaro makin da bai ci ba ko ɗan waye.

In kin ga taurin kai a takardar nan, ki tuna sunan wa aka ba ni. Ina ƙaunarki, kuma ba zan janye ba.

'Yarki, Takwara

*

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Mako biyar ke nan. Direba ya ce hannu da hannu ya ba ki takardata, kika sa a aljihu kika ce ya gaida gida. Ya ce farkon wata ya wuce bai ga yara a ƙofar ba, kuma allon sunan makarantar yana kife a zaure. Ban rubuta wa kowa ba tukuna. Ko zagi ne ki aiko, in san kina lafiya.

'Yarki, Takwara

*

Takwara,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da mai haƙora. Muna nan da rai da lafiya. Zagin da kika nema na rubuta shi shafi biyu, yana cikin durowa, wata rana zan ba ki ki karanta don an zuba Hausa a ciki.

Kada ki ɗauka barazanarki ce ta tanƙwara ni. Na yi niyyar buɗewa ranar da na ce, ki rubuta wa duk wanda kika ga dama. Saura kwana huɗu, da hantsi, Dogo yana haƙa ramin ƙafar lilo, ni ina zaune a kujera ina nuna masa inda zai daidaita. Ya wuce yashin, ƙasa mai launin toka ta fara fitowa. Sai ya tsuguna ya tsinci wani ɗan guntun dalma, faffaɗa, bai kai ɗan yatsa ba. Ya goge a wandonsa yana murmushi ya ce, "Inna, ga fensirina." Kafin in yi magana ya kai shi harshe. Ban san lokacin da na tashi na kaɗe hannunsa ba, gwiwar ma ta manta da ciwo.

Na ce wane irin fensir. Ya ce in zo in gani. Kin san ɗan lungun nan tsakanin bangon shago da katanga, inda rufin kwano ya zarce ya rufe? Shekara hamsin a gidan nan ban taɓa shiga ba, sai a karkace mutum yake wucewa. Ya ja ni ciki. A ƙasa, daidai tsayin yaro ɗan shekara bakwai, bangon cike yake da rubutu. Baƙaƙe ne, layi bisa layi, tun daga wannan kusurwa har waccan. Wasu a juye, wasu sun hau kan juna. Ya ce, "In kin dake ni nan nake zuwa in koya, don in ba ki mamaki. Baba yana da su da yawa a ƙasa. Amma sai an lasa yake yin baƙi sosai."

Na ƙirga layi sittin da ɗaya. Ni ina ɗaki ina cewa yaron nan ba ya ko ƙoƙari.

Ban sani ba ko dalmar ce ta hana shi karatu. Daga baya na kai shi asibiti, likita ya ce bayan wannan shekaru ba wanda zai iya rantsewa. Allah kaɗai ya sani. Abin da na sani shi ne bulalata ce take kora shi lungun nan, kuma na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka fita da ubansa.

Washegari na sauke firam ɗin, na kai wa Injiniya takardarta na ajiye a teburinta. Na ce, "'Yata, kin yi mini tambaya na ba ki amsar wata tambayar. Yashin kwanansa uku ranar da kuka zo." Ta ce ita ma da laifinta, ya kamata ta nutsa. Na ce ta bar rabon laifi, ta ɗauko ƙarfenta. Suka dawo da mai huda ƙasa mai tsawo. Wannan karon ba igiyar awo ce ta nuna musu wuri ba, sandata ce. Na nuna inda kaskon yake zama, da inda ake tara fasassu, da gindin gwaiba. Ke kin ce Baba ne yake zubar da ruwan. Shi yana fasawa ne, ni nake ɗaukar bahon kowace yamma in juye a gindin bishiyar nan don kada ya ɓata ƙofar shago. Na gaya mata ta rubuta haka, da sunana.

Sakamako ya fito. Ta ce bana ba ta ga yawan dalma irin na gindin gwaiba ba. Za a kwashe ƙasar, a sare bishiyar, kuma za su auna rijiyoyin maƙwabta uku. Ta ce ke ma ki je a duba jininki. Ki je, ba shawara nake ba ki ba.

Unguwa ta ɗauki zafi. Masu rijiyoyin sun daina amsa gaisuwata. Ƙanin marigayi ya zo har falo da babbar riga, ya ce ina da takarda mai hatimi biyu na je na tona wa mamaci asiri, na zubar da darajar gidan. Na ce masa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yayansa bai sani ba, ni ma ban sani ba, amma yanzu na sani, kuma ba zan zaunar da 'ya'yan mutane a kan abin da na sani ba don a ce gidanmu yana da daraja. Ya ce tsufa ya fara taɓa ni. Na ce kunnena ne ya mutu, ya ɗaga murya in yana da sauran magana. Bai sha ruwan da aka kawo masa ba.

Iyayen nan goma sha huɗu na bi su gida-gida na gaya musu da bakina. Kujerun suna jere a ɗakin baƙi. Makaranta kuma zan buɗe ta, ko a nan bayan an kwashe an sake aunawa, ko a wani wuri. Ban mutu ba tukuna.

Abu ɗaya na ƙi. Injiniya ta ce a kankare bangon lungun, don shi ma dalma ce. Na ce ta kwashe filin har ta tarar da ruwa, amma bangon nan ba mai taɓa shi. Muka yi ta ja, daga ƙarshe ta yarda a rufe shi da gilashi a toshe gefensa, a sa wa lungun ƙofa da kwaɗo.

Kafin mai gilashi ya zo na koma ciki da Dogo. Na ce masa ya yafe mini. Ya ce, "Me kika yi?" Ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya ce, "Inna, na rubuta daidai kuwa? Ban taɓa nuna miki ba."

Na aike shi ya ɗauko mini jan alli a cikin kayan makarantar. Na tsuguna da gwiwar nan na bi layi sittin da ɗaya ɗaya bayan ɗaya, har da na juyen, na ba kowanne maki. A ƙasa na rubuta goma bisa goma, na sa hannu da kwanan wata. Na san abin da na koya miki game da maki, kada ki tuna mini. Wannan ya ci abinsa tun shekara talatin da shida, malamarsa ce ta makara. A ranar nan ya sa hularki.

Gwaggonki